Bayan An Kwance Mana Ido

Wata ranar Asabar wani dattijo Bamange, mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibaina, ya yi sallama a ƙofar gidana a Gashuwa, yana riƙe da baƙar leda. Daga wajen Tulo-Tulo ya fito, can arewacin ƙaramar hukumar Yusufari, inda rairayi ya yi tuddai, ƙauyuka kuma suka fake a bakin dausayi. Ya ce, "Malam, ga ɗan dabinon gonata, a ba yara." Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na raka shi bakin hanya. Da na dawo sai na miƙa wa uwargida ledar, ta rataye ta a ƙusa a ɗakin girki. Ban ko buɗe ba.

Kashegari da yamma, bayan an tashi daga sujada, abokai suka zo hira kamar yadda muka saba, muka zama mu bakwai a ƙarƙashin dalbejiya. Na fito da dabinon da nake ajiye wa baƙi, wanda na sayo a Kano cikin kwali mai rubutun Larabci da ado na ruwan zinariya. Babbanmu, wani tsohon ma'aikacin gwamnati da dukanmu muke kira Baba, ya ɗauki guda, ya tauna, ya ce wannan shi ne dabino, na ƙasar nan kuwa a bar wa awaki. Ƙanwar matata, wadda take aikin jinya, ta jiyo shi daga ɗakin girki, ta leƙo ta ce, "Baba, in aka ɗaure maka ido, za ka iya bambancewa?" Ya ce, "'Yata, ko cikin barci."

Ba ta yi wata-wata ba. Ta aiki yaro bakin tasha ya sayo ɗan Agadas, ta roƙo ɗan Dutse a maƙwabta, ta ɗebi na kwali, ta sauko da baƙar ledar nan. Ta cire ƙwallayen, ta yayyanka ƙanana, ta zuba a faranti huɗu, ta ɗaure mana ido da ɗankwali ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ɗanɗana sai ya raɗa mata wanda ya fi masa daɗi, ita kuma ta rubuta a takarda. Mutum biyar cikin bakwai suka zaɓi faranti na uku. Baba ma bai tsaya raɗa ba, ya ɗaga murya ya ce, "Wannan ne na Larabawa. Ku ji zaƙinsa a natse, ba ya kartar maƙogwaro."

Faranti na uku na baƙar leda ne. Aka yi shiru, sa'an nan aka fashe da dariya. Baba ya miƙa hannu ya sake ɗaukar yanki, wannan karo idonsa a buɗe, ya tauna a hankali, ya ce, "To, yanzu da na sake ji, akwai ɗan ƙasa-ƙasa a cikinsa. A soke nawa."

Na yi masa dariya tare da kowa, amma da dare dariyar ta dawo kaina, gama shi Baba ya ɗanɗana kafin ya yi magana, ni kuwa na yanke wa kyautar dattijon nan hukunci tun tana cikin leda. Tun daga ranar nake juya tambaya guda a zuciyata: a cikin maganganun Baba biyu, wacce ce gaskiya? Kuma mene ne hakkin da ke kan mutum game da hukuncin da ya yanke kafin ya san wanda hukuncin zai amfana?

Wannan wasa da muka yi a tsakar gida, a wasu ƙasashe sana'a ce mai ƙa'idodi, musamman a wurin masu cinikin ruwan inabi. Na san yawancin iyalan da ke karanta wannan mujalla ba sa sha, ni ma ba na sha, kuma ba gayyata nake yi ba. Na ɗauko labarin ne domin ban san wata sana'a da aka auna ƙarfin suna a kan harshen mutum da awo mai kyau kamar wannan ba. A can ba ido ake ɗaurewa ba, kwalba ake lulluɓewa da takarda, ko a juye abin da ke ciki a wata kwalbar da ba ta da tambari. Abokai sukan taru, kowa ya zo da kwalbarsa a rufe, a ɗanɗana, a rubuta maki, sai an gama a buɗe. Waɗanda suka fi bukatar wannan al'ada su ne ƙananan manoma, masu 'yar gonar da ba ta cika ganguna da yawa a shekara, domin in da za a karanta suna tukuna, ba wanda zai kai nasu baki.

A ƙasar Faransa akwai wani yanki mai suna Bordeaux, ana furta shi Bodo, inda ake noman wani baƙin inabi mai ƙananan 'ya'ya da kaurin ɓawo, sunansa cabernet sauvignon. A shekarar 1855, bisa umarnin Sarki Napoleon na Uku, dillalan yankin suka jera gidajen da suka fi daraja, kimanin sittin, a matakai biyar, gwargwadon farashin da ake sayen kayansu a lokacin. Wannan jeri ya zama kamar littafin asali. Fiye da shekara ɗari babban sauyin da aka yi masa ɗaya ne tak, wato sa'ad da aka ɗaga gidan Mouton-Rothschild zuwa matakin farko a 1973. Masu gonaki sun mutu, an sayar da wasu gonakin, an faɗaɗa wasu, amma jerin yana nan, farashi kuma yana binsa.

Ranar 24 ga watan Mayu 1976, wani Baturen Ingila mai shagon sayar da ruwan inabi a birnin Faris, Steven Spurrier, tare da abokiyar aikinsa Ba'amurkiya Patricia Gallagher, suka tara alƙalai tara a wani otal, dukansu Faransawa, dukansu masana da ake ji da su a wannan sana'a. Aka kawo musu fari iri goma, ja iri goma. A kowane rukuni shida daga Kalifoniya ta Amurka suke, huɗu daga manyan gidajen Faransa, an ɓoye sunayen. A lokacin ba wanda yake ɗaukar Kalifoniya da muhimmanci, shi kansa Spurrier kayan Faransa yake sayarwa, kuma ya ɗauka su za su ci. Ɗan jarida ɗaya kaɗai ya amsa gayyata, George Taber na mujallar Time. Da yake shi yana riƙe da jerin sunayen, ya ga yadda wani alƙali ya yaba na Kalifoniya yana tsammani na ƙasarsu ne, wani kuma ya kushe na ƙasarsu yana tsammani na baƙi ne.

A zagayen fari na Kalifoniya ya zo na ɗaya. An sanar da wannan sakamako kafin a shiga zagayen ja, saboda haka alƙalan suka shiga da shirinsu, kowa ya kasa harshe don kada a maimaita. Duk da haka wanda ya zo na ɗaya shi ne cabernet na shekarar 1973 daga wata ƙaramar gona a kwarin Napa mai suna Stag's Leap Wine Cellars. Mai gonar, Warren Winiarski, malami ne a Jami'ar Shikago kafin ya bar koyarwa ya koma noma, itatuwan da suka ba da inabin kuwa a 1970 ya dasa su, shekararsu uku ke nan. Wanda ya biyo shi a matsayi na biyu shi ne Mouton-Rothschild ɗin nan na matakin farko. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Gaskiya ta wajabta in ƙara da abin da masu ba da labarin sukan tsallake. Tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai maki biyu ba a jimlar makin alƙalai tara, kuma na biyu da na uku da na huɗu duk na Faransa ne. Abin da ranar ta tabbatar shi ne ƙaramin manomin da ba a san sunansa ba zai iya zama a tabarma ɗaya da manya. Wannan kaɗai ya isa ya sauya kasuwar duniya, ya kuma ƙarfafa manoman ƙasashe da yawa. Da aka maimaita gwajin a 2006, a Landan da Napa lokaci guda, na Kalifoniya ne suka kwashe matsayi biyar na farko.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari wata mace ce a cikin alƙalan, Odette Kahn, editar wata babbar mujallar ruwan inabi ta Faransa. Ita ma Stag's Leap ta ba maki mafi yawa a cikin jajayen. Da aka buɗe sunayen sai ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Spurrier ya ƙi. Ka ga, mai karatu, tsakanin otal ɗin Faris da inuwar dalbejiyar Gashuwa akwai teku da hamada, amma "a soke nawa" ɗaya ne. Sa'ad da ido yake ɗaure adalci ba ya da wuya, domin ba abin da mutum zai rasa. Jarrabawar tana farawa ne a daidai lokacin da aka kwance ƙyallen, mutum ya ga cewa gaskiyar da ya faɗa ta ɗaga wanda ya raina, ta kuma rage masa girman da yake samu daga abin da ya saba yabo.

Da farko na ɗauka Baba ƙarya ya yi a maganarsa ta biyu don ya kare mutuncinsa. Daga baya na sassauta, saboda abin da masu bincike suka gano. A 2001, a Jami'ar Bordeaux, Frédéric Brochet da abokan aikinsa suka ba ɗalibai 54 masu koyon wannan sana'a farin ruwan inabi da aka rina ja da wani launi marar ɗanɗano, marar ƙanshi. Ɗaliban suka siffanta ƙanshinsa da kalmomin da ake siffanta ja da su. Ido ya riga hanci magana, hanci kuma ya bi. A 2008 kuma Hilke Plassmann da wasu masana a Kalifoniya suka wallafa wani gwajin da ya fi wannan zurfi. Sun sa mutum 20 cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ce musu za su ɗanɗana cabernet iri biyar, kowanne da farashinsa. A gaskiya iri uku ne. Na dala 5 an ba su shi sau biyu, sau ɗaya da farashinsa na gaskiya, sau ɗaya aka ce na dala 45 ne. Na dala 90 ma sau biyu, a karo guda aka ce na dala 10 ne. Mutanen suka ce mai tsadar ya fi daɗi, kuma sashen ƙwaƙwalwar da ke motsi in mutum yana jin daɗi ya fi motsi sa'ad da aka ambaci babban farashi.

Ashe suna ba ya tsayawa a kunne, yana gangarawa har harshe. Mai yiwuwa ne ƙwarai Baba ya ji ƙasa-ƙasar nan da gaske, domin da ya ji kalmar Yusufari zuciyarsa ta kawo masa rairayi, harshensa kuma ya karɓa. Wannan bai sauƙaƙa al'amarin ba, nauyi ya ƙara masa. Maƙaryaci ya san ƙarya yake yi, lamirinsa yana iya damunsa da dare har ya tuba. Mai nuna bambanci kuwa yakan kwanta lafiya, gama a ganinsa abin da ya ji ya faɗa, kuma ya ji ɗin. Ta yaya mutum zai tuba daga laifin da yake zuwa masa da kamannin ɗanɗano?

Wani zai ce, to mene ne a ciki? In kwali mai ruwan zinariya yana ƙara wa mutum daɗin dabino, ai ribarsa ce, a bar shi ya ji daɗinsa. Da a ce dabino daga sama yake faɗowa da na yarda. Amma akwai wanda yake biyan kuɗin wannan daɗi. Itacen dabino yakan yi shekara biyar ko fiye kafin ya fara haihuwa. Akwai namiji akwai mace, wanda ya shuka ƙwallo kuwa ba zai san abin da ya samu ba sai ya yi fure, kuma kusan rabi maza za su fito, ba sa ba da 'ya'ya. Mai son amfani mai kyau sai ya hau itacen, cikin ƙayoyi masu tsini kamar basilla, ya ɗaura furen namiji a cikin na mace. A dausayin Yusufari, irin su Tulo-Tulo da Bulatura, manomi yana wannan aiki ne rairayi kuma yana matsowa, yana cin gona da rijiya da gida a hankali. Sa'ad da na ƙi buɗe ledar nan, ko sa'ad da mai saye ya ji sunan garin ya fara neman ragi kafin ya kai guda baki, wahalar wannan mutum ce aka rage wa farashi, ba don wani aibi a cikin aikinsa ba.

Akwai zalunci na biyu, wanda ya fi na farko wayo. A watan Agusta 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020, babban dalilin kuwa shi ne hana shigo da shinkafa. A wannan lokaci jaridu sun yi ta kawo labarin 'yan kasuwa masu juye shinkafar gida a buhunan 'yar waje su sayar da tsada. Mu da ke zaune kusa da fadamun Gashuwa da Nguru, inda ake noman shinkafa tun kaka da kakanni, ya kamata wannan labari ya tsaya mana a wuya. Uwargida ta dafa, maigida ya ci ya yaba, ya ce 'yar gwamnati daban ce. Yabon ya tafi wata ƙasa, ƙarin kuɗin ya shiga aljihun mai ɗinke buhu, wanda ya sha cizon sauro da korar tsuntsaye a fadama kuwa bai sami ko ɗaya ba. An ɓoye sunansa, amma ba don a yi masa adalci ba.

Wannan ya tuna mini da bikin Kana ta Galili, a sura ta 2 ta Bisharar Yohanna, wanda a iya sanina shi ne sanannen ɗanɗano na rashin sanin asali da ya fi kowanne daɗewa a hannunmu. Uban bikin ya ɗanɗana abin da aka kawo masa bai san inda ya fito ba, ya kuma yanke hukunci daidai, cewa wannan ya fi na farko kyau. Sai dai ango ya kira ya yaba wa, alhali ango bai san kome ba. Masu hidimar da suka ɗebo ruwan su ne suka san gaskiya. Rashin sanin suna ya taimaki harshen uban biki, amma ya karkatar da godiyarsa. Domin haka nake ganin rufe suna rabin aiki ne. Ana rufewa don a auna abu da gaskiya, sa'an nan dole a buɗe don a biya mai shi, da kuɗi da yabo.

Yanzu bari in ba masu kare suna haƙƙinsu, gama suna da hujja. Sunan da shinkafar gida ta yi ba daga iska ya zo ba. Duk wanda ya taɓa fasa haƙori da tsakuwa a cikin tuwo ya san dalilin da ya sa iyayenmu mata suka fi son wadda ba sai an tsince an rege ba. Injinan cire tsakuwa sun yawaita, shinkafar ta gyaru ƙwarai, amma suna yakan makara a bayan gaskiya, ko wajen lalacewa ko wajen gyaruwa. Haka kuma ba mai hankalin da zai sha magani da ido a ɗaure. Sa'ad da Dora Akunyili ta riƙe hukumar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, babban abin da ta koya wa jama'a shi ne su duba lamba da sunan kamfani a jikin kwali, domin suna a nan alkawari ne, shi ne ƙofar da za a buga in abu ya ɓaci. Shi ma harshe ba alƙali ne marar kuskure ba. Robert Hodgson, wani malamin jami'a da ya yi ritaya, mai ƙaramin gidan yin ruwan inabi, ya shirya gwaji a gasar baje kolin jihar Kalifoniya tun daga 2005, inda aka riƙa ba kowane alƙali abu ɗaya daga kwalba ɗaya har sau uku bai sani ba. Kusan ɗaya cikin goma ne kaɗai suka riƙa ba da maki masu kusanci da juna. Watakila da mun sake wasanmu ranar Litinin, da ɗan Dutse ne zai ci.

Na yarda da wannan duka. Abin da nake roƙo shi ne mu rarrabe suna iri biyu da harshenmu yake kira da kalma ɗaya. Akwai sunan da mutum ya yi da hannunsa, wato tarihin abin da ya aikata, wanda za a iya bincika a tabbatar, wanda kuma gobe zai iya gyaruwa ko ya ɓaci. Akwai kuma sunan da aka liƙa masa tun bai zo duniya ba, garinsu, ƙabilarsu, sana'ar kakansa, kamar jerin 1855 da yake yanke wa inabin bana hukunci da farashin da aka biya kafin a haifi kakan manomin. Na farkon shaida ne, ya kamata a saurare shi. Na biyun kuwa sau da yawa hanyar guje wa wahalar ɗanɗanawa ce.

Kuma a kan mutane ne abin ya fi ciwo, gama mutum ba a cire masa ƙwallo a yayyanka shi a faranti. Iyalanmu da yawa a wannan yanki sun san yadda ake ji sa'ad da aka karanta sunanka a takardar neman aiki ko gurbin karatu, aka ajiye ta gefe kafin a duba sakamakonka. Muna kuka da wannan, kukan kuma yana kan hanya. Amma bari in faɗi abin da na gani a cikin gidanmu. Shekarun baya an sa ni cikin waɗanda za su binciki wani saurayi da ya zo neman auren 'yar wani ɗan'uwa. Muka tambayi inda yake aiki, muka tambayi mai gidan da yake haya, muka tambayi dattawan ikilisiyarsu. Kowa ya ce yaro ne mai riƙon amana, ba ya sha, yana ɗaukar nauyin ƙannensa biyu a makaranta. An yi gwajin jini, ba matsala. Wannan gwaji ma misali ne na binciken gado mai ma'ana, domin in iyaye biyu suna ɗauke da irin sikila, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, kuma abu ne da ake aunawa a gani. Muka kawo rahoto, mahaifin yarinya ya ce ya gode wa Allah.

Bayan mako biyu wata gwaggo ta zo daga ƙauye da labarin cewa kakan yaron maƙeri ne. A al'adar wasu ƙabilunmu na kudancin Borno da arewacin Adamawa, maƙera jinsi ne daban, ba a auratayya da su. Ba wanda ya fito fili ya ce wannan ne dalili, gama kowa ya san abin da wasiƙar Yakubu ta koyar a kan ba mai zoben zinariya kujera a bar matalauci a tsaye. Abin da ya faru shi ne, mutanen da suka yabi yaron suka fara tunowa. Wannan ya ce dama ya lura yana da saurin fushi. Wancan ya ce gaisuwarsa ba ta cika ba. Wata ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko da yake ba ta faɗi laifin barewar ba. Ƙasa-ƙasa ta bayyana a cikin dabino. Ina zaune a wurin, rahoton da muka rubuta yana cikin aljihuna, ban fito da shi ba. Na ce a raina maganar dangi ce, ba tawa ba. Auren bai yiwu ba. Na tabbata da yawa cikin masu tunowar nan sun gaskata abin da suke faɗa, shi ya sa takardar da ke aljihuna take da amfani, gama ita kaɗai ce a ɗakin aka rubuta kafin a kwance ƙyalle. Spurrier ya ƙi mayar da takardar maki. Ni na mayar da tawa ba tare da kowa ya roƙe ni ba.

Ba za mu iya zama da ido a ɗaure ba, bai kuma kamata ba. Amma muna iya kula da abin da muke fara tambaya. Kwamitin da zai ɗauki malami, ko dattawan da za su zaɓi ma'aji, ko iyayen da aka zo neman 'yarsu, suna iya sauraron aikin mutum da halinsa tukuna, su faɗi hukuncinsu a gaban juna, in da hali su rubuta, kafin a shiga maganar ɗan wane ne, daga ina. In daga baya hukuncin ya sauya, sai a tambayi wanda ya sauya: wane sabon abu ka sani game da abin da mutumin nan ya aikata? In yana da amsa, a saurare shi da kyau, domin wani lokaci suna yakan buɗe ƙofar wata gaskiyar da aka ɓoye. In kuwa ba abin da ya ƙaru sai sunan kansa, to hukuncin farko ne nasa na gaskiya, kuma 'yan'uwansa suna da hakkin riƙe masa shi har kunyarsa ta wuce. Wannan aiki ba a iya yin sa a kaɗaice. Harshena ba zai gaya mini ya karkata ba, sai wadda ta riƙe takarda ta karanta mini abin da na raɗa mata.

Da aka yi hutun ƙarshen shekara dattijon nan ya zo ɗaukar ɗansa, na ba shi labarin faranti huɗu. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Malam, ai mai sayen nawa cakuɗa shi yake yi da na Nijar, ya sayar da sunan na Nijar. Ya ce in ya faɗi garinmu sai a tsaya ciniki." Na ce ina son mudu uku, ya faɗi kuɗinsa. Ya ce tsakaninsa da malamin ɗansa ba ciniki. Muka yi ta ja har na ce to in ba zai karɓa ba ni ma ba zan karɓa ba, sa'an nan ya faɗi farashi, na biya ban taya ba.

Ranar Kirsimeti da safe, ina shirya abin tarbar baƙi, sai na ga kwalin nan mai ruwan zinariya a kan kabad, ba kome a ciki. Na ɗauko shi, na buɗe, har na kai hannu cikin dabinon. Na ɗaga kai na ga uwargida a bakin ƙofa tana kallona, ba ta ce kome ba. Na mayar da kwalin, na juye a faranti, duk wanda ya shigo kuma na gaya masa na Tulo-Tulo ne. Baba ya zo da la'asar, ya ci guda huɗu, ya sha ruwa, ya tambaya ko akwai saura a ƙulla wa jikokinsa. Maganar a soke nasa dai har yau bai janye ta ba.